Randar da Ta Daina Sanyaya Ruwa: Ladi Kwali da Baƙinta

Naira ashirin ta zama kuɗin da ko yaro ke rainawa. Duk da haka, idan ta shigo hannunka, ka juya bayanta kafin ka miƙa wa mai shago. Za ka ga wata mata ta duƙufa a kan tukunya tana aiki. Ladi Kwali ke nan, maginiyar tukwane daga garin Kwali, wadda ta rasu a 1984. Yawancinmu mun san sunan, mun san hoton, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tsayawa suka dubi tukwanen da suka kai ta bayan kuɗin.

Abin da ya sa muka tuno da ita shi ne wata al'ada da ke ƙara yaɗuwa a Afirka ta Yamma, wato gidajen saukar masu fasaha. Ana gayyatar mai zane, ko marubuci, ko mai ɗaukar hoto, a ba shi ɗaki da abinci da wurin aiki na 'yan makonni ko 'yan watanni, ya zauna ya yi aikinsa a garin da ba nasa ba. Wale Okediran ya buɗe irin wannan gida na marubuta, Ebedi, a Iseyin a 2010. Kehinde Wiley ya buɗe Black Rock a Dakar a 2019. Yinka Shonibare ya buɗe G.A.S. a Legas a 2022, haɗe da wata gona a jihar Ogun. Alkawarin da ake yawan ji daga irin waɗannan gidaje shi ne baƙo zai haɗu da masu fasahar gari, a yi aiki tare, kowa ya ƙaru da ɗan'uwansa.

Alkawari ne mai daɗin ji, amma auna shi yana da wuya, domin gidajen sababbi ne, kuma hotunan da suke fitarwa na ranar walima ne. Shi ya sa muka ga ya fi mu koma ga haɗin gwiwar da ta riga ta tsufa, wadda an ga abin da ta haifar. Cibiyar tukwane ta Abuja makarantar koyon sana'a ce ta gwamnatin mulkin mallaka, ba a kira ta masaukin baƙi ba. Sai dai duk abin da ake magana a kai yau ya faru a cikinta: baƙo ya zo da dabararsa da kuɗinsa da hanyarsa ta kasuwa, 'yar gari ta zo da hannunta da gadonta, suka zauna shekaru suna aiki a inuwa ɗaya.

Yadda aka haɗu

Michael Cardew maginin tukwane ne ɗan Ingila, almajirin Bernard Leach. Ya yi aiki a ƙasar da ake kira Ghana yanzu a shekarun 1940, sannan a 1950 gwamnatin Nijeriya ta ɗauke shi jami'in kula da harkar tukwane. Bayan ya zagaya ƙasar, sai ya zaɓi Abuja ta dā, garin da muke kira Suleja yau, inda akwai yumɓu da itace da ruwa, ga kuma sarki mai son aikin, Alhaji Sulaimanu Barau. A gidan sarkin ne Cardew ya fara ganin randunan Ladi Kwali tun kafin ya san ta. A 1954 ta shiga cibiyar, ita ce mace ta farko a cikin maza.

Ya kamata mu lura da cewa ba ɗaliba ce ta shigo ba. A wurin gwaggonta ta koyi gini tun tana yarinya, irin na matan Gbagyi, waɗanda muke kira Gwari. Ba sa amfani da faifan da ke juya yumɓu. Tukunyar tana zaune a wuri ɗaya, maginiyar ce ke zagaya ta, tana jan yumɓun sama da hannu, tana ƙara masa murɗaɗɗun igiyoyin yumɓu har randa ta tashi ta yi ciki ta yi wuya. Idan ta sha iska sai a zana mata ado, a tara tukwane a fili, a lulluɓe da itace da busasshiyar ciyawa, a cinna wuta. Zafin wannan wuta ba ya kai digiri 1,000, saboda haka jikin randar yakan fito da ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani. Ta nan ruwa ke tsattsafowa, iska ta ɗauke shi, abin da ke ciki ya yi sanyi. Duk wanda ya taɓa shan ruwan randa da azahar a watan bazara ya san amfanin waɗannan ƙofofi ko da bai san da su ba.

Cardew kuwa da wani abu dabam ya zo: faifan juya yumɓu, da tanderun da zafinsa ke wuce digiri 1,200, da haɗin yumɓu mai jure wannan zafi, da shafe mai narkewa ya zama kamar gilashi a jikin tukunya. Manufar gwamnati ita ce a samar da farantai da kofuna da butocin shayi na gida ga ma'aikata da 'yan boko. Ladi ta koyi faifan, ta yi farantai da kwanoni da shi. Amma aikin da ya fitar da sunanta shi ne wanda ya haɗa hannun biyu: randa da aka gina da hannu irin na Kwali, da yumɓun Cardew, aka shafe ta, aka gasa a tanderunsa.

Abin da ido ke gani

Wanda ya duba hotunan waɗannan randuna a wayarsa zai ga abin da ya sa aka yi ta yabonsu. Cikinsu a cike yake, zagayensu daidai kamar an auna da ma'auni, alhali ido da tafin hannu ne kawai suka auna. An raba jikin gida-gida da layuka a tsaye, kowane gida da dabbarsa: ƙadangare, kunama, hawainiya, kada, kifi, maciji, tsuntsu. Ba ta zana dabbar yadda take a daji. Takan shimfiɗa ta, ta baje ƙafafunta, ta cika jikinta da ƙananan layuka masu giciye, har ta dace da faɗin gidan da aka ba ta da kuma lanƙwasar randar. Wannan shi ne gwanintar da ta fi burge mu: zanen ya san cewa a kan abu mai ciki yake zaune, yana faɗaɗa inda randar ta faɗaɗa, yana tsukewa inda ta tsuke.

Shafen ya ƙara wa zanen wani abu, ba za mu musa ba. Yakan taru a cikin tsagin layukan, ya sa su fito fili, ya ba jikin wani duhu mai sheƙi wanda wutar ciyawa ba ta bayarwa. Kuma ya sa randar ta yi ƙarƙo. Da yawa daga cikin tukwanen da mata irinta suka gina a ƙauyuka a waɗannan shekaru sun fashe sun koma ƙasa, amma na cibiyar suna nan a gidajen tarihi na Ingila da Amurka kamar jiya aka fito da su.

Ga kuma abin da aka biya. Shafen ya toshe ƙofofin nan, randar ta daina sanyaya ruwa. Ta yi nauyin da ba za a so ɗaukarta zuwa rafi ba. Ta yi tsadar da matar ƙauye ba za ta saya ba. Siffarta ta randa ce, adonta na randa ne, amma aikin randa ya bar ta. Masu sayenta Turawan da ke aiki a ƙasar ne, da manyan ma'aikata, da masu zuwa baje kolin da Cardew ya shirya a Berkeley Galleries da ke Landan a 1958 da 1959 da 1962. Cardew kansa ya san haka, domin ya yaba tukwanen ƙauye ya kuma yarda cewa sun dace da aikin da ake yi da su. Farantan cibiyar ma ba su iya gogayya da kwanonin kanti masu araha ba.

Ba muna cewa an cuci Ladi Kwali ba ne. Ta zagaya Turai tana nuna aikinta, ta je Amurka a 1972, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ita da ba ta yi karatun boko ba. Mace ce mai wayo da ta ga hanya ta bi ta da ƙafarta. Abin da muke cewa shi ne, a haɗin gwiwa irin wannan, wanda ya kawo tanderu da hanyar kasuwa shi ke yanke wa aikin inda zai je ya zauna, ko da kuwa da kyakkyawar niyya ya zo. Aikin ya yi kyau ƙwarai, amma ya juya fuskarsa ga masu kallon da ke gefen baƙo.

Sunan wa ke gindin tukunya

Akwai abu guda da cibiyar Abuja ta yi daidai, wanda gidaje da yawa na yau ba su kai gare shi ba. Kowace tukunya takan fito da hatimi biyu a jikinta: na cibiyar, wato sunan Abuja da rubutun ajami, da na wanda ya gina ta. Na Ladi haruffa biyu ne, LK. Saboda wannan ɗan tambari ne yau ake iya cewa wannan randa ta Ladi ce, waccan ta Halima Audu ce, waccan kuma ta Asibi Ido ce. Ba don shi ba, da duk sun tafi a sunan tukwanen Cardew, ko a sunan aikin gargajiyar Gwari, wanda shi ne yadda ake binne sunan maginiya a cikin sunan ƙabilarta.

Mu da sana'armu ita ce rubuta manhajar kwamfuta mun san darajar wannan. A wurin aikinmu akwai Git, wanda ke riƙe tarihin kowane layi da aka rubuta: wa ya sa shi, yaushe, me ya canza. Idan mutum goma suka yi aiki tare, ba a dogara da karamcin shugaba wajen sanin gudummawar kowa, tarihin yana nan a rubuce. Hatimin Abuja irin wannan aiki ya yi tun kafin a haife mu.

Amma hatimin bai bi kowane abu ba. Cardew ma ya ɗauka daga wurin matan. Bayan ya koma Ingila a 1965 ya ci gaba da gina wata tukunyar miya mai murfi da ya samo siffarta daga tukwanen yankin, wadda aka san ta da sunan tukunyar Gwari. Tana ɗauke da hatiminsa, masu siffar kuma suka tsira da sunan ƙabila kawai.

A Osogbo lamarin suna ya fi haka rikicewa. A 1964 Georgina Beier ta jagoranci wani taron zane na 'yan kwanaki a gidan Mbari Mbayo, wanda Duro Ladipo da Ulli Beier suka kafa, inda aka samu masu zane irin su Twins Seven-Seven da Muraina Oyelami da Jimoh Buraimoh. Waɗannan sun riƙe sunayensu, sun kuma ci gaba da aiki shekaru da yawa bayan baƙin sun tafi. Sai dai a 1966 an buga littafin wasannin kwaikwayo da sunan wani Obotunde Ijimere, wanda masana suka tabbatar daga baya cewa Ulli Beier ne da kansa. A nan baƙo bai ƙwace sunan ɗan gari ba, ya ari rigar ɗan gari ne ya saka, masu karatu suka ɗauka muryar Bayarabe suke ji.

Mu ma a adabinmu muna da irin wannan tambaya. Jiki Magayi, ɗaya daga cikin littattafai biyar da suka fito bayan gasar da aka yi a Zariya a 1933, yana ɗauke da suna biyu, John Tafida da Rupert East. An kyauta da aka rubuta su duka, amma mai karatu ba shi da hanyar gane inda hannun ɗaya ya tsaya na ɗayan ya fara. A 1936 kuma an ɗauko Abubakar Imam daga Katsina ya zauna wata shida a Zariya, East ya tara masa littattafan tatsuniyoyin Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya rubuta Magana Jari Ce. Idan aka duba da kyau, wannan zama ne irin wanda gidajen yau ke shiryawa. Bambancinsa da randar Abuja shi ne, abin da ya fito daga zaman ya dawo hannun Hausawa, har yau ana karanta shi a gidajenmu, domin da Hausa aka yi shi kuma 'yan makarantarmu aka nufa da shi.

Baƙuwar da ta zo koyo

A 1974 wata ɗaliba 'yar Kenya mai karatu a Ingila, Magdalene Odundo, ta zo cibiyar Abuja bisa shawarar Cardew, ta yi 'yan watanni. Wannan karon baƙuwa ce ta zauna a ƙasa, Ladi Kwali da sauran matan suka koya mata gini da hannu. Abin sha'awa shi ne abin da ta zaɓa ta tafi da shi. Tukwanen da suka sa Odundo ta yi suna a duniya da hannu take gina su, ba ta shafa musu gilashi, gogewa take yi har su yi santsi, ta gasa su su fito ja ko baƙi. Wato ta ɗauki ɓangaren da cibiyar ta rufe da shafe, ta mai da shi jarinta.

Odundo ba ta ɓoye malamarta ba. Takan ambaci Ladi Kwali a hirarrakinta, kuma a baje kolinta na 2019 a Hepworth Wakefield ta ajiye aikin Ladi a cikin abubuwan da suka gina ta. A ganinmu wannan ne mafi kyawun abin da baƙo zai iya yi da bakinsa. Duk da haka, ladabin mutum ɗaya bai gyara ma'aunin ba. Tukwanen Odundo suna cikin mafi tsada a gwanjon Landan, cibiyar da ta koyi aikin kuwa, wadda aka sa wa sunan Ladi Kwali, jaridu sun sha ruwaito irin rashin kulawar da ta yi fama da shi. Abin da ya rayu daga zuriyar cibiyar ya rayu ne a hannun mutanen da suka koyi gina tanderun da haɗa shafen da kansu, irin su Danlami Aliyu, da wuraren gini na Maraba kusa da Kaduna da na Bwari.

Bayan raɓa ta bushe

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Mun ga gaskiyar wannan a sana'armu. An taɓa turo mana wani ƙwararre daga waje ya yi makonni shida tare da mu a kan wata manhaja. Mutumin kirki ne, ya iya aiki, mun ƙaru da shi. Amma ya gina abin a kan wasu kayan aiki da ake biyan kuɗinsu da dala kowane wata, kuma shi kaɗai ya san yadda aka ɗaure su. An yi bikin ƙaddamarwa, an ɗauki hoto, ya hau jirgi. Kafin shekara ta zagayo manhajar ta mutu, ta rage a cikin jerin ayyukan da yake nunawa idan yana neman wani aikin. Tun daga lokacin, idan aka ce mana za a yi aiki tare, tambayarmu ta farko ita ce wa zai riƙe abin idan baƙo ya tafi, kuma da me zai riƙe shi.

Wannan tambaya muke so marubutanmu da masu zanenmu da mawaƙanmu su riƙa yi, domin gayyatar tana zuwa, kuma za ta ƙaru. Baƙi suna zuwa marinar Ƙofar Mata, suna zuwa wurin dukawa da masu ɗinkin hula da masaƙa. Sau da yawa abin da ake kira aiki tare bai wuce baƙo ya kawo zane, ɗan gari ya aiwatar, a biya shi kuɗin yini ba. Idan aikin ya isa ɗakin baje koli, takardar da ke gefensa takan ce an yi shi tare da masu sana'ar gargajiya na Kano, ba suna ko ɗaya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan ƙwadago ne, kuma ƙwadago ba abin kunya ba ne, amma a kira shi da sunansa a biya shi farashinsa.

Idan kuwa haɗin gwiwa ake nufi da gaske, labarin Abuja ya nuna inda za a duba. A duba ko sunan ɗan gari zai hau kan aikin tun kafin a fara, a rubuce, da rabonsa idan an sayar. A duba ko dabarar da baƙo ya kawo za ta iya rayuwa da kayan da ake samu a kasuwar garin. A duba ko za a nuna aikin a garin da aka yi shi kafin a sa shi a akwati. Sannan a duba ko hanyar tana da komowa, wato ko ɗan garin ma za a gayyace shi ya je ya zauna a can, kamar yadda Ladi ta je Ingila ta gina randa a gaban ɗalibai suna kallo.

Akwai gidajen da suka fara tunani a wannan hanya. A ƙauyen Sinthian da ke gabashin Senegal, gidan Thread da aka buɗe a 2015 an yi masa rufin ciyawa mai gangara wanda ke tara ruwan sama a ajiye wa mutanen ƙauyen, kuma filinsa wurin taronsu ne ko da baƙo ko babu. A Ebedi, marubutan da aka saukar sukan shiga makarantun sakandaren Iseyin su koyar da yara. Waɗannan ba su warware maganar suna da kasuwa ba, amma aƙalla an yi tunanin abin da zai saura a garin tun ranar da aka zana ginin.

Randar Ladi Kwali tana da kyau, kuma da ba a haɗu da Cardew ba da wataƙila ba mu san sunanta ba. Muna riƙe da wannan, muna kuma riƙe da cewa matan Kwali ba su sha ruwa a cikinta ba. Duk wanda aka gayyata cikin irin wannan aiki, ko ya zo a matsayin baƙo ko an same shi a gida, yana da haƙƙin ya tambaya tun ranar farko: idan an gama, a gidan wa za a ajiye abin, kuma wa zai yi amfani da shi?